Don Allah ku daina gasa bakteriya da wuta

Na gaji da ganin ɗalibai masu furojet ɗin tace ruwan datti da lantarki suna maimaita ɓarna iri ɗaya duk shekara, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Babbar matsalar ita ce tunanin wai yawan wuta shi ne yawan aiki. Ba haka ba ne wallahi. Bakteriya irin su Geobacter da Shewanella su ke cin dattin ruwan su miƙa ilektiron (ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki) ga sandar lantarkin da suka maƙale a jikinta a cikin ruwan, wutar ɗan turi ce kawai, bolt 0.2 zuwa 0.8 ya ishe su. Da ka haura 1.23 ka shiga inda ruwan kansa zai iya fara rabuwa, oksijin ya fito, shi kuwa Geobacter ba ya shiri da yawan oksijin.

Ni na yi wanda ya fi wannan muni. Sati shida ina renon yauƙin nan mai ɗan ja-ja da bakteriyar ke yi a jikin sandar girafait, kullum da safe sai na leƙa shi, ranar nan gaggawa ta kama ni na ga aikin ba ya sauri sai na ɗauko batirin babur mai bolt 12 na jona, na kuma zuba gishiri wai don wuta ta fi ratsa ruwan. Kafin la'asar ɗakin na warin bilicin. Gishirin ne ya koma kulorin a jikin sandar, abin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi kenan na haɗa musu da hannuna. Washegari yauƙin ya saɓule ya kwanta a ƙasan kwalba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yanzu daga 0.3 nake farawa, ba na ƙarawa sai mita ta nuna abu ɗaya kwana uku a jere.

Sai masu sa sandar ƙarfe ko alminiyam, ruwa ya washe su hau murna. Malam ƙarfenka ne ke narkewa yana dunƙule dattin, ba bakteriya ba ne suka yi! Ka ajiye kwalba ta biyu wadda ba wuta, in ba haka ba da me za ka kwatanta?

Wayar tagulla kar ta taɓa ruwan, guba ce ga bakteriyar. Tsamin ruwa kuma a riƙa aunawa dab da sandar da suke zaune, nan yake taruwa, ba can saman kwalba ba.