Kurakuran da ke cinye kan takalmin ƙwallo, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa taka leda a filin firamaren ƙauye ya san inda but, wato takalmin ƙwallo, yake fara mutuwa: a kai, daidai babban yatsa. Dunduniya tana nan lafiya lau, igiya ba ta tsinke ba, amma gaba ya wage baki kamar kada. Filayenmu ba ciyawa gare su ba. A wasu garuruwan Kano fako ne da tsakuwa, a yawancin Jigawa kuma rairayi, kuma kowannensu samfefa ne ga fata.

Babban kuskure shi ne jira. Kan takalmi ba ya yagewa rana ɗaya. Launi ne ke fara goguwa, sai fatar ta yi kaushi, sai ka ga ɗan tsagi tsakaninta da tafin. A wannan lokacin gyaran ɗan kuɗi kaɗan ne. Idan ka bari yashi ya shige tsagin, duk gudun da ka yi ƙara buɗa shi kake. Tun ran gini ran zane.

Sai maganar sufa gulu, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. Yaro zai ga but ɗinsa ya ɗaga ana saura awa ɗaya wasa, ya ruga shago ya sayo, ya tsiyaya, wani har da barbaɗa ƙasa ko cusa auduga wai don ya kama da kyau. Zai kama kuwa, na yini ɗaya. Shi wannan gam idan ya bushe ƙandarewa yake kamar gilashi, alhali kan takalmi lanƙwasawa yake a kowane taku. Sai gam ɗin ya tsattsage, ya bar fatar da ya jiƙa ta zama busasshiya mai karyewa. Ranar da ka kai wa shumeka zai juya takalmin ya ce, "Ɗana, ai ka riga ka kashe shi," don basilla ba ta shiga wurin sai ta yaga.

Abin da ya dace shi ne gam mai ruwan ɗorawa da masu gyaran takalma ke aiki da shi, wanda ko ya bushe yana lanƙwasa. A nan ma mutane suna kuskure, don suna shafawa su manne nan take. Ba haka ake yi ba. Ka kakkaɓe yashin da tsohon buroshi, ka goge ɓangarorin biyu da samfefa har tsohon gam ya fita, ka tabbatar babu danshi ko maiƙo. Ka shafa siriri a kowane ɓangare, ka bar shi a buɗe kamar minti 10 zuwa 15, sai ka taɓa ka ji ba ya bin yatsa. Sannan ka haɗa, ka daddanna da guduma, ka ɗaure da tsohon tif ɗin keke, ka bar shi awa 24. Bayan nan a bi gefen da ɗinki na zaren nailan. Gam kaɗai ba ya jure bugun ƙwallo a fako.

Akwai kuma masu sa aradait, wancan mai kwalba biyu da ake gaurayawa. Shi wurinsa daban ne. Wasu takalma, kamar na 'yan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, ana sa musu hular gaba ta roba mai tauri. Irin wannan hula ba ta lanƙwasa, shi ya sa idan ta kakkarce ana iya goge ta a shafa mata gam mai tauri ya zauna. Haka takalmin taya da samari ke tsinta a gwanjon Ƙofar Wambai a Kano, idan gabansa roba ce mai tauri. Amma idan hular ta tsage har ciki, shafe ba ya mayar da ƙarfinta, yatsunka ne a bakin haɗari. A kan fata mai laushi kuwa aradait ɓarewa zai yi kamar ɓawon gyaɗa.

Shanya ma tana kashe takalmi. Da damina a wanke shi a ɗora bisa kwanon ɗaki rana ta gasa, ko a jingina kusa da murhu. Zafi yana sakin gam, yana busar da fata. A cusa masa tsohuwar takarda a ciki, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Da hunturu kuma, idan fata ce ta gaske, ɗan man kaɗanya yana hana ta tsagewa, amma kada ya taɓa inda za a sa gam.

Kada ka sa but tun daga gida ka bi kwalta da shi, riƙe shi a hannu sai ka isa fili.

Wani kuskuren tun a kasuwa ake yinsa. Ka je Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ka ga mai ƙyalli, ka saya ko da ya matse ka. Yatsan da ke tokare gaba daga ciki yake huda takalmi, musamman idan farce ya yi tsawo. Ka bar sarari kamar santimita ɗaya, ka gwada da safar da kake wasa da ita. Kuma kafin ka biya, lanƙwasa gaban da hannu biyu ka danna tafin da farce. Idan ka ga yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, robar ta tsufa tun a ajiya, babu gam ɗin da zai riƙe ta, mayar wa mai kaya abinsa.