Ragin farashi da katin X a Magic: inda ake yawan tafka kuskure

Duk wanda ya ɗan jima yana buga wasan katin nan na Magic: The Gathering ya san gardamar da ke tashi in katin da ke da X a farashinsa, wato adadin da kai za ka zaɓa, ya haɗu da katin da ke rage farashi. Kuma yawancinta daga abu ɗaya take, mutane na fara lissafin ne ta wutsiya.

Kamar kasuwa ne fa, sai ka faɗi mudu nawa za a auna maka sannan a zo maganar ragi. Haka dokar wasan ta tsara a sashe na 601.2: ka fara faɗin X ɗinka, a ɗora duk wani ƙari, sannan a cire ragi.

Ɗauki Fireball, tsohon katin nan da yake nan tun fitowar wasan a 1993, farashinsa X da jan mana ɗaya (mana shi ne kuɗin da ake biyan kati da shi a wasan). Kana da Goblin Electromancer a fili, katin da ke rage maka mana ɗaya a kan irin su Fireball. Sai ka ji wani ya ce ai ragin ba ya taɓa X tunda ba lamba aka rubuta ba. Ba haka bane malam. Da ka ce X 5 ne ya zama mana 5 na kowane launi, ragin ya cinye ɗaya, ka biya 4 da ja ɗaya, kuma ɓarnar 5 ɗin nan za ta yi cif. Jan nan ne dai ragin ba zai taɓa ba, ko Electromancer uku ka jera sai ka biya shi.

Wasu kuma zaƙewa suke. Walking Ballista X biyu ne a farashinsa, to in akwai Foundry Inspector mai rage ɗaya a kan irin su Ballista sai mutum ya ce X 2, ya cire ɗaya daga kowane X ya ajiye mana 2 yana murmushi. A'a, jimla 4 ce, ragi sau ɗaya, 3 za ka biya. Kuma in mana 4 gare ka kar ka wahalar da kanka, X 2 ɗin dai za ka samu, ɗayan ka nema masa wani aiki.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne haɗa abin da ka biya da darajar manan katin, wato jimlar farashin da ke jikinsa, alhali ragi bai da ruwa da ita sam. Ballista mai X 1 darajarsa 2 ce yayin da ake buga shi ko da mana 1 ka biya, don haka Chalice of the Void (shi ke tare katin da darajarsa ta yi daidai da yawan kaunta, wato alamomin ƙirga, da ke kansa) mai kaunta ɗaya ba zai tare shi ba, mai kaunta biyu ne zai tare shi. A hannu ko a maƙabarta ko bayan ya sauka fili kuwa X sifili ne.

Sai maganar kyauta. Bloodbraid Elf ya tono maka Ballista daga cikin katunanka don ka buga shi kyauta, ka ce tunda ba biya zan yi ba bari in ce X 20, ina! In ba ka biyan farashin kati dole X ya zama sifili, Ballista ya shigo ba kaunta ko ɗaya ya mutu nan take, tunda X ɗin ne ke ba shi kaunta kuma su ne ƙarfinsa. Buga kati kyauta ba ragi bane, wani farashi ne daban aka musanya maka.

Ƙari kuma shi ake fara ɗorawa kafin ragi. Abokin karawarka na da Thalia, Guardian of Thraben mai ƙara ɗaya a kan irin su Lightning Bolt, kai kana da Electromancer, Lightning Bolt ɗinka mai farashin ja ɗaya ya hau zuwa 2 ya sauko 1, ja ɗaya kawai za ka biya, in ka juya lissafin ka cuci kanka mana ɗaya a banza. Amma in Trinisphere, mai tilasta biyan aƙalla 3, na fili ba a karkace ba (untapped), shi ke zuwa bayan an gama duk lissafin nan, Bolt ɗin sai ka biya 3.