Yadda Ake Kawar da Layuka a Gefen Mas Mai Laushi a Bidiyo

Idan aka tausasa gefen mas, wato siffar da ake zanawa don ɓoye ko bayyana wani sashe na bidiyo, domin ya narke cikin hoto, sau da yawa launin yakan rarrabu hawa-hawa kamar matakala, har a riƙa ganin layuka, musamman a wurare masu duhu. Dalili kuwa shi ne bidiyo mai bit 8 (bit shi ne ma'aunin zurfin launi) matakai 256 kacal yake da su a kowane launi, waɗanda ba sa wadatar da inuwa mai faɗi.

Da farko, a ɗaga zurfin launin aikin zuwa bit 16 ko 32, wanda a manhajar gyaran bidiyo ta After Effects ake yi cikin saitunan aiki. Daga nan a rage faɗin tausasawar idan ya wuce kima.

Mataki na uku ne ya fi muhimmanci: a ɗora ɗan ɗigo-ɗigo na Noise, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, a shimfiɗar hoto (layer) da ke saman mas ɗin, domin ya wargaza iyakokin layukan. Kada a cika shi, don hoton zai yi datti.

A ƙarshe, a fitar da aikin a tsarin fayil na ProRes 422 mai bit 10, sannan a matse shi zuwa tsarin H.264 da bitiret (yawan bayanan da bidiyo ke ɗauka a kowace daƙiƙa) mai yawa, saboda matsi mai tsanani yakan share ɗigon, layukan su dawo.