Daji, Gari da Ruwa a Yini Guda: Inda Ake Yawan Yin Kuskure a Yawon Buɗe Ido na Legas

Da zarar hutun Sallah ya matso, ko ƙarshen shekara, sai tallace-tallacen yawon buɗe ido su cika WhatsApp ɗin mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Kusan dukansu abu guda suke alkawari: da safe a shiga daji, da rana a zaga wani tsohon gari na bakin teku, da yamma a hau jirgin ruwa, kuma duk a kuɗi ɗaya da ɗan jagora ɗaya. Tsarin ba shi da laifi. Wanda baƙi suka zo masa daga Kano ko Gusau, yana son ya nuna musu cewa Ikko ba gada da hayaƙin danfo ba ce kawai, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Sai dai da yawa sukan dawo gida da ciwon baya da hotuna uku, saboda wasu 'yan abubuwa da ba a duba ba kafin a tura kuɗi.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne ƙirga wuraren da aka jera a talla maimakon ƙirga sa'o'in da za a yi a mota. Dajin da ake nufi galibi shi ne Lekki Conservation Centre, yana gabas, kan hanyar Lekki zuwa Epe. Garin bakin tekun galibi Badagry ne, can yamma, dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Jirgin ruwan kuma yawanci na zuwa bakin tekun Tarkwa Bay ne, ana tashi daga Victoria Island ko tashar CMS da ke tsibirin Legas. Wato ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, na ukun a tsakiya. Babbar hanyar Legas zuwa Badagry kaɗai ta kai kusan kilomita 60, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Alaba Rago sayen rago ya san abin da Mile 2 da Iyana-Iba da Okokomaiko ke yi wa agogon mutum. Wanda ya ce maka zai haɗa ukun nan a yini guda, ko dai bai taɓa yi ba, ko kuwa ya san minti talatin-talatin zai ba ku a kowane wuri. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Gyaran ba wuya. A zaɓi ɓangare guda na gari a tsaya a kai. In gabas ake so, a haɗa dajin Lekki da garin Epe, tunda hanyarsu ɗaya ce, sannan a shiga kwale-kwale a can Epe, inda ruwa ke ratsa kurmin itatuwan nan masu saiwoyi a waje. Epe tana da babbar kasuwar kifi ta Oluwo, kuma gari ne mai tarihi: can Oba Kosoko, sarkin Legas, ya koma da jama'arsa bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851. Musulmi suna da yawa a garin, don haka masallaci da abinci ba za su zama abin nema ba. In kuma ba a son doguwar tafiya, a yi dajin Lekki da safe, a wuce Tarkwa Bay da azahar, a bar maganar tsohon gari sai wani jiƙon. Badagry kuwa, a ganina, a ba ta yininta sukutum. Ita kanta tana da gari, tana da tsallaka ruwa, tana da gonakin kwakwa da bakin teku.

Bari in ɗan daɗe a kan Badagry, domin a nan ne ake tafka asarar da ba a gane an yi. Mutane kan ɗauka wurin ɗaukar hoto ne a gaban tsohon bene. Benen yana nan kuwa, wanda 'yan mishan suka kammala a 1845, ana kiransa bene na farko a Najeriya, ko da yake Bahaushen da ya san sorayen Kano da Zazzau yana iya ɗaga gira in ya ji haka. Akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. Akwai gidan Seriki Williams Abass, da ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi kafin a fitar da su, akwai sarƙoƙi da mari a gidan tarihin iyalin Mobee. Daga nan sai a hau kwale-kwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, a taka a ƙasa cikin rairayi har bakin teku, wurin da ake ce wa inda ba a dawowa. Abin da ɗan jagora mai sauri ba zai tsaya ya faɗa muku ba shi ne cewa wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye. Cikin bayin da aka yi ta fitarwa daga gaɓar tekun nan a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, har ta kai a Bahia ta ƙasar Burazil bayi Hausawa ne suka kitsa tawaye a 1807. Kuma daga Badagry ɗin nan Bature Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825, yana nufin komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu kusa da Sakkwato a 1827. Wurin da ke ɗauke da irin wannan labari, ba a yi masa leƙen minti ashirin mota na huci a waje.

Wannan ya kawo mu kan ɗan jagoran kansa. Sau da yawa wanda aka kira jagora a talla, mai karɓar kuɗi ne da ƙirga kawuna, bai san komai game da wurin ba. A tambaya tun farko: shi zai yi bayani, ko masu bayanin wurin za a ɗauka a can, kuma wa zai biya su? In a tawagar akwai dattawa ko mata da ba sa jin Turanci ko Burokin sosai, a nemi a san wanda zai riƙa mayar musu da bayanin cikin Hausa. Ba daɗi a ɗauko Hajiya tun daga Funtuwa, ta yini tana kallon bakin mutum.

Sai kuskuren da ya fi ba mutanenmu kunya, kuma ba a cika faɗarsa ba. A Legas, in aka ce yawon jirgin ruwa, sau tari biki ake nufi: kiɗa mai tsage kunne, kwalabe a cikin ƙanƙara, shigar da ba kowa zai iya zama kusa da ita da surukarsa ba. Talla ba za ta faɗi haka ba, hoton faɗuwar rana a kan gadar Lekki da Ikoyi za ta nuna maka. Kuma jirgi ba mota ba ne da za ka ce direba ya tsaya ka sauka. Saboda haka a yi tambayar ƙarara, ba kunya: "Malam, jirgin namu ne mu kaɗai ko haɗaka ce? Akwai giya? Akwai mai kiɗa?" In haɗaka ce da baƙin da ba ku sani ba, ku ɗauka akwai. Iyalai uku ko huɗu in suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar jirgi ɗaya, sun huta da wannan, sun kuma samu ikon cewa a juya in yaro ya fara amai.

Maganar ruwa ba ta wasa ba ce, kuma a nan ba na sassautawa. Yawancinmu 'yan tudu ne, iyo sai ɗaiɗaiku. Hukumar LASWA, mai kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas, ta wajabta sa rigar kariya daga nutsewa ga duk wanda ya hau jirgi, amma sa riga daban, sa rigar kirki daban. Wata ta tsufa, igiyarta ta tsinke, wata ta babba ce aka rataya wa yaro ɗan shekara biyar, wadda in ya faɗa ruwa ta kai za ta fice ta bar shi. A duba kowace riga kafin a kunna inji, a ɗaure ta tamau, a kan hijabi ko babbar riga, ba a ƙarƙashi ba. Malam mai malum-malum ya yi haƙuri ya bar ta a gida ranar nan. A hau daga tasha sananniya, irin ta Five Cowries da ke Falomo, ba wani lungu da aka ce ya fi araha ba. In an ga an cika jirgi fiye da kujerunsa, a sauka. Tafiyar dare a ruwa hukumomi sun hana, don haka duk tsarin da ya ajiye jirgi a ƙarshen yini bayan doguwar hanya, yana wasa da duhu ne. Gosulo na awa ɗaya ya isa ya sa ku dawo bayan magariba. Shi ya sa na fi son a gama da ruwa kafin la'asar sakaliya.

Tarkwa Bay tana da ɗan sauƙin igiyar ruwa saboda katangar duwatsun da ke kare mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, shi ne dalilin da ya sa masu iyali ke sonta. Amma ɗan zagayawa kaɗan zuwa ɓangaren da ke fuskantar teku kai tsaye, ruwan wani ne daban, yana ja ta ƙasa. Haka ma bakin tekun Gberefu. A can ido kawai ake ba abinci, a riƙe hannun yara.

Na daji kuma kuskurensa na tsammani ne. Wanda ya taɓa zuwa Yankari kada ya je Lekki yana neman giwa. Fili ne mai hekta 78 da gidauniyar Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990, fadama da kurmi a tsakiyar gine-gine, ana bi ta kan dakalin katako. Abin da za a gani birai ne, da tsuntsaye, da ɗawisu, da kunkuru, kada kuwa sai an yi sa'a. Abin da ke jan jama'a shi ne gadar sama mai lilo, mai tsawon mita 401, da ta ratsa ta saman itatuwa. Abu uku ake mantawa game da ita. Kuɗinta daban yake da kuɗin shiga, don haka a tambaya ko yana cikin abin da aka biya. Ana rufe ta in ana ruwa ko an yi ruwa ta jiƙe. Kuma akwai ƙa'idar shekaru, ba kowane yaro ake bari ya hau ba, gara a ji tun a gida da a sha kuka a gindin tsani. A je da takalmi mai rufi, silifa ba ta yi. Biran wurin kuma ba su da kunya ko kaɗan, leda a hannu gayyata ce. A ɓoye kilishi da ayaba cikin jaka. Da sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi layi ya yi tsawo.

Lokacin shekara ma yana da tasa. Damina a Legas ba irin tamu ba ce mai zuwa ta wuce cikin awa guda. Yuni da Yuli ana iya wuni ana tsuga ruwa, gadar sama a rufe, teku a fusace, hanya a cike. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi kwanciyar hankali, sai dai Disamba cunkoso da tsada ne. A tambayi mai shirya tafiya abin da zai faru in ruwa ya hana: za a ɗaga rana, ko za a mayar da kuɗi, ko shi ke nan an yi sadaka? A sa ya rubuta amsar a saƙo.

Kuɗi gaba ɗaya haka yake. "Komai da komai a ciki" magana ce mai daɗi har sai an isa Tarkwa Bay an ji akwai kuɗin shiga, akwai na rumfa, akwai na kujera, ko an isa Badagry an tarar kowane gidan tarihi da nasa tikitin, kwale-kwalen Gberefu ma da nasa. A nemi jerin abin da kuɗin ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya. Kada a tura duka ga wanda a Instagram kawai aka san shi. A ba da kafin alƙalami, sauran sai an ga mota. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don sabis kan yi gardama a bakin ruwa, mai kwale-kwale kuma ba zai jira taransifa ta shiga ba.

Salla da abinci su ake barin wa ƙaddara, bai kamata ba. Tsarin da ba Musulmi ne ya zana shi ba ba zai ware lokacin azahar da la'asar ba sai an roƙa, kuma in an roƙa tun da wuri galibi ba a ƙi. A tafi da darduma da jarkar ruwan alwala. In ranar Juma'a ce, a san tun safe masallacin da za a tsaya. Abincin da aka ce yana cikin kuɗi, a ji wane iri ne kuma daga ina. In da shakka, kifi gasasshe ko soyayye ya raba gardama, a Epe da Badagry kuwa ba a rasa shi. Masu ciwon suga da masu hawan jini su tafi da maganinsu da ɗan abin taɓawa, domin abincin rana a irin wannan tafiya yakan kai ƙarfe huɗu.

Wurin haɗuwa shi ne na ƙarshe da ake rainawa. Talla za ta ce a hallara ƙarfe bakwai a Lekki Phase 1, wanda ke Agege ko Ikorodu kuma sai ya fito tun kafin asuba, ya ƙetare gadar Third Mainland, ya iso a gajiye kafin a fara komai. In tawagarku ta kai cika mota, ku sa sharaɗi a zo unguwa a ɗauke ku, a kuma dawo da ku nan. Mutanen Ojo da Alaba Rago su nufi Badagry, tana bayan gidansu. Na Ajah da Obalende su nufi gabas.