Yadda za ka fita da ranka daga gidan Spencer a Resident Evil

Resident Evil na farko, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1996 ya kuma sake gina shi a 2002, wasan bidiyo ne na tattali, inda kake neman tsira daga gidan Spencer, wani katafaren gida mai cike da dodanni. Masu ƙaunarsa tun da can sun san cewa gaggawar harbi ce ke kashe sabon shiga. Bayanin nan a kan sabon ginin yake.

Cikin mutum biyun da za ka iya zaɓa ka yi wasan da su, Jill da Chris, fara da Jill. Gurbi takwas gare ta na ɗaukar kaya, Chris shida, kuma tana da ƙarfen buɗe kwaɗo, ba ta yawon neman ƙananan makullai. Akwatunan ajiya duk a haɗe suke: abin da ka zuba a wannan ɗaki za ka tarar da shi a wancan. Don haka ka fita da bindiga, harsashi da magani ɗaya, sauran gurabun ka bar su don abin da za ka tsinta.

Babbar matsala ita ce gawa. Zombi, wato mataccen da ke yawo, in ka kayar da shi ka bar shi a kwance, bayan wani lokaci zai tashi jajir, da farata, yana gudu, ya fi da haɗari nesa ba kusa ba. Maganinsa biyu: ko kansa ya fashe lokacin harbi, ko ka ƙona shi da kananzir da laita. Gorar kananzir ƙonawa biyu kawai take ɗauka, tankunan da ake cika ta kuma suna ƙarewa. Saboda haka ba kowane zombi za ka kashe ba. A wuri mai faɗi, ja hankalinsa gefe, ya kawo cafka, ka zille ka wuce. Kananzir na lungunan da kake yawan bi ne, musamman kusa da ɗakin ajiya.

Adana wasa sai a jikin tafireta, kuma kowane adanawa na cin kirtanin tawada ɗaya. Adana bayan ka samu makulli ko kafin babban dodo.

Koren ganye na ƙara lafiya kaɗan, haɗa shi da ja ya cika ta, shuɗi maganin dafi ne. Ja shi kaɗai ba ya komai.

Doguwar bindigar da ke rataye a bango tarko ce: kana cire ta rufin ɗaki na gaba zai fara saukowa, sai ka rataya karyayyar bindiga a madadinta. Ƙofar gaba kuwa kada ka taɓa, karnuka na waje.

Mutane da yawa na tsallake takardu, kuma a nan suke asara, don labarin kamfanin Umbrella, wanda ya haddasa masifar, da na Lisa Trevor, 'yar mutumin da ya zana gidan, a cikin wasiƙu da littattafan ma'aikata yake, har da amsar wasu wuyar-warwarewa. Duk abin da ka tsinta, jujjuya shi a allon kaya, domin akwai littafin da sai ka juyo bakin shafukansa zai buɗe ka ga lambar ƙarfen da ke ciki.