Babi na Shida: Maganin Tsatsar Rodi a Cikin Kankare

Darasi na 1: Me ke cin rodi?

Ku je ku duba murfin tsohuwar shadda, ko lintal ɗin wani shago a kasuwarmu, wato kankaren da ke saman ƙofa. Za ku ga kankaren ya tsage, wani jan abu ya zubo kamar an tofa goro. Tsatsa ce wannan. In ruwa da iska suka kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. Siminti da kansa yana kare rodi, amma gishiri yana karya wannan kariya. Saboda haka rijiyar da ruwanta ke da ɗanɗanon gishiri, ba a kwaɓi da shi. Ruwan da za ka iya sha, da shi za ka kwaɓa.

Darasi na 2: Maganin iri biyu ne

Akwai na gari, wanda birkiloli ke kira watafuruf. Yana toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi. Shi a cikin busasshen siminti ake gauraya shi. Akwai na ruwa, irin su kalsiyam naitirait, mai ƙarfafa kariyar da ke jikin rodin. Shi kuma a cikin ruwan kwaɓi ake zuba shi.

Akwai wani mai kama da shi a suna, kalsiyam kulorayid, mai sa siminti ya kama da wuri. Wannan cin rodi yake yi. Kalmar farko ɗaya ce, a ta biyu bambancin yake. Ku ɗora yatsa a kanta ku karanta a hankali. In ta gagara, ba abin kunya ba ne a kira yaro ɗan makaranta.

Darasi na 3: Awo

Nan ne kowa ke tuntuɓe, to mu tsaya.

Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu ɗaya, kwanon yashi 4, kwanon tsakuwa 8, da kwanon gini na leburori ake awon. Ruwa kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25, in yashin da danshi ma a rage. Maganin kuwa, adadin da za a sa wa kowane buhu yana rubuce a jikin leda ko galan. Ku nemi lambar. Ku auna. Ku sami kofin roba ku yi masa zane da ƙusa daidai wurin, a riƙa cika shi zuwa zanen, ba sama ba, ba ƙasa ba.

Na sake faɗa: a auna. Buhu ɗaya, awo ɗaya. Buhu biyu, awo biyu. Kun ga ba wuya, kuma wanda ya iya awon gero da kwano ya iya wannan.

Amma wallahi kuna ba ni mamaki. Makon jiya wani dattijo a ajin nan ya ɗaga galan ya tuttula, na yi magana ya ce, "Malam, hannuna ya saba." Baba, da girmanka, hannu ba ma'auni ba ne. Ka sa kaɗan, ka zubar da kuɗinka. Ka sa da yawa, ka ɓata kwaɓin. Ga leburori kuma, da kwaɓi ya ɗan yi tauri sai su ƙara bokitin ruwa don shebur ya yi sauƙi. Ruwan nan in ya bushe ramuka yake bari, ta nan tsatsa ke shiga, maganin ya tashi a banza. Sau nawa zan faɗa? A auna maganin, a auna ruwan.

Ragowar maganin a rufe a ɗaga sama. Guba ne ga yara da awaki.

Darasi na 4: Biskit

Kada rodi ya kwanta a kan katakon da za a zuba kankare a kansa. A sa masa biskit na siminti a ƙasa, wato ɗan gutsuren busasshen siminti da zai ɗaga shi don kankare ya lulluɓe shi, kaurin akalla milimita 25 in dakin ne, wato rufin kankare. Na cikin ƙasa ya fi haka.

Darasi na 5: Ban ruwa

Bayan an zuba kankare, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, kwana 7. Da hunturu a rufe da buhunan algarara masu jiƙa.