Yadda ake gano unguwannin da ke cikin haɗarin zaftarewar ƙasa ta hotunan tauraron ɗan Adam

Da sanyin safiyar 14 ga Agusta 2017, bayan an kwashe kwanaki ana tafka ruwa, wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf ya rufto wa unguwar Regent da ke bayan birnin Freetown na ƙasar Saliyo, laka da duwatsu suka bi kwarin kogin Babadorie har zuwa unguwar Lumley, mutane fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Mai son gano irin wannan wuri tun bai rufta ba yana iya soma aikin da kwamfuta da intanet da manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce.

Ana farawa da siffar ƙasa. A sauke bayanan SRTM, wato bayanan tsayin ƙasa da aka auna daga sararin samaniya, waɗanda aka tattara a watan Fabrairun 2000, inda kowane ɗigo na taswirar yake wakiltar kimanin mita 30, sannan a sa manhajar ta fitar da tsananin gangare da hanyoyin da ruwa ke bi idan ya sauko daga tudu. Sai dai bayanan sun tsufa, ba za su nuna inda aka yanke gefen dutse daga baya domin kafa harsashin gida ba.

Daga nan sai a koma kan yadda gari yake cin daji, kuma a ganina nan ne aikin yake. Hotunan taurarin ɗan Adam na Landsat sun faro tun 1972, ana kuma samun su kyauta tun 2008 a shafin EarthExplorer, na Sentinel-2 kuwa sun fi fitowa sarai, domin ɗigonsu mita 10 ne. A zaɓi hotunan shekaru daban-daban amma na lokaci guda na shekara, wato tsakanin Disamba da Fabrairu, saboda a damina gajimare kan rufe Freetown ruf. Idan aka jera su, za a ga koren daji yana ja da baya zuwa ƙololuwa, jar ƙasa tana bayyana, rufin kwano yana biye da ita shekara bayan shekara. Manhaja takan ɗauki ƙyallin kwano a matsayin falalen dutse, don haka sai an duba da ido a Google Earth an gyara.

Tauraron Sentinel-1 kuwa da na'urar rada (radar) yake aiki, gajimare ba ya tare shi, kuma idan aka gwama hotunansa na lokuta biyu ana iya gano ƙasar da ta motsa da ’yan santimita, amma a inda itatuwa suka yi duhu sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

A ƙarshe a ɗora taswirorin kan juna tare da bayanan ruwan sama na CHIRPS, a shata inda gangare mai tsanani ya haɗu da saran daji da sabbin gine-gine. Kada a tsaya a gindin dutsen, a bi kwarin har ƙasa, domin gidajen bakin rafi da ke nesa ma laka na cim musu. Wuraren da aka shata sai an taka an je, a duba bangon da ya tsage, da itacen da ya karkata, da ruwan da ke tsattsafowa daga gefen tudu, a kuma tambayi dattawan unguwa inda ƙasa ta taɓa ruftawa.